Kada a Sare Uwar Goyo: Sabara da Kalgo Ke Renon Itatuwan da Bisashenmu Za Su Ci

Yau ba maganar allura ko maganin tsutsa na zo da ita ba. Ina so mu tattauna kan sabara da kalgo da geza da magarya, waɗannan ƙananan itatuwa da muke yi wa kallon dattin daji. Ra'ayina a kansu a fili yake: duk aikin dashen itace da za a yi a filin kiwo ko a bakin burtali a ƙasar Tunuga, in aka fara shi da sassabe su, an kashe aikin tun kafin a kawo dashen. Kuma mu masu dabbobi ya kamata mu fara cewa a'a, domin a jikin shanunmu da awakinmu ake biyan kuɗin wannan sassabe.

Wani zai ce ina ruwan malamin dabbobi da itace, ai aikin malaman daji ne. Ruwana shi ne abin da nake gani daga watan Maris zuwa saukar damina. Yawancin dabbobin da ake kira na in duba a wannan lokaci ba wata annoba ke damun su ba. Saniya ce ta kwanta ta kasa tashi, ko ta haihu mabiyiya ta ƙi faɗuwa, ko maraƙi ya zo ba ƙarfi, ko tunkiya tana tuntuɓe da zarar magariba ta yi saboda dundumi. Mai dabba yana so in soka allura, ni kuwa na san ciwon yunwar ɗanyen ganye ne. Dabba tana tara sinadarin bitamin A a hantarta lokacin da take cin kore, ajiyar kuma ta ƴan watanni ce. Busasshiyar ciyawa da tattakar shinkafa kusan babu shi a cikinsu. Haka ma sinadarin gina jiki: tumbin saniya yana bukatar abincin da ke da kimanin kashi 7 cikin 100 kafin ya narka ciyawa yadda ya kamata, ciyawar rani kuwa sau da yawa ba ta kai kashi 5 ba. Ganyen gawo, da na madobiya, da na kawo sun haura kashi 10. Shi ya sa saniyar da ke samun ɗan ganye kaɗan a kan tattaka take fin wadda aka cika wa ciki da tattaka zalla. Dabbar da yunwa ta cinye, ko an yi mata rigakafin ciwon huhu jikinta ba ya karɓar allurar kamar na lafiyayya. Ita ce kuma za ka tarar tana tauna leda a juji.

To, ku ɗaga kai ku dubi itatuwan da ke ba mu wannan ganye. Madobiya, kawo, maɗaci, ƙirya, gawo. Ku bi burtalin da kuka saba bi ku ƙirga manya, sannan ku ƙirga waɗanda ba su kai ƙugun mutum ba. Manyan duk tsofaffi ne, an yi musu aski shekara da shekaru har wasu sun daina yin ƴaƴa. Ƙananan kuwa sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ɗaya. Garken da babu maruƙa a cikinsa kowa ya san inda ya nufa, ko da shanun cikinsa ɗari ne. Dajinmu ya zama irin wannan garke. Ga shi kuma matsi ya ƙaru. Tun ƙarshen 2019 Benin ta hana shigar garkunan ƙetare don kiwon rani, sannan daga 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Dabbobin da a da suke ƙetare kogi su kwashe watanni, da yawansu yanzu a nan suke cin rani tare da namu. Fadamar da burgu ke fitowa a cikinta, shinkafa da rake da lambuna suna ta cinye ta. Kowane baki ya koma kan itace.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne inda waɗannan ƴan ƙananan da suka rage suke. Ku sa yaran da ke bin awaki su nuna muku, sun fi mu sani. Kusan kullum a cikin gindin wata sabara ne, ko tsakiyar magarya, ko ƙarƙashin sarƙaƙiya. A fili fetal ba za ka same su ba. Wannan ba dace ba ne, akwai dalilai, kuma na farkonsu mu makiyaya ne muka fi kowa saninsa: baki da kofato. Tsiron gawo mai ganye huɗu a fili, akuya ɗaya ta ishe shi. In ya tsira daga akuya, garke zai tattake shi a hanyar mashaya. Amma wanda ya fito a cikin ƙayar magarya ko dundu, akuya za ta zagaya ta ci na gefe ta wuce. Sabara ba ta da ƙaya, sai dai rassanta sun yi cunkus tun daga ƙasa, saniya ba ta cusa kai a ciki don ɗan tsiro guda. Shinge ne da ba a saya ba, ba a sare ƙaya an jawo ba, gara ba ta cinye shi, ɓarawon waya kuma ba ya kwance shi da dare.

Sai zafi. A watan Afrilu da tsakar rana, ƙasar da babu inuwa a kanta zafinta yakan wuce digiri 50. Wanda ya taɓa taka ta ba takalmi ya san abin da nake faɗa. Ɗan tsiron da saiwarsa ba ta wuce taƙi ɗaya ba, a cikin wannan wuta yake tsaye. Ku tura hannu ƙarƙashin kalgo a daidai wannan lokaci ku ji bambanci. Ba banza ba tumaki suke cusa kawunansu can. Iskar hunturu ma da ke busar da komai, ƙarfinta yana karyewa a jikin sabara kafin ta kai ga abin da ke ɓoye a ciki.

Ita wannan iska kyauta take kawo wa gindin sabara. Ƙura, da busasshen ganye, da kashin dabbobi, da irin ciyawa da na itace, duk abin da ta kwaso daga fili a nan take sauke shi. Shi ya sa za ku ga gindin sabara ya yi ɗan tudu. Gara ta zo ta ci ganyen, ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga maimakon ya gudu. Wani mai bincike, Alexander Wezel, da abokan aikinsa sun auna ƙasar gonaki a yammacin Nijar, suka buga sakamakon a shekarar 2000: ƙasar gindin sabara ta fi ta nesa da ita taki. Manomi bai bukaci awo ba, ya daɗe yana ganin hatsin da ke kusa da kututturen sabara ya fi tsawo. Mu ma mun san a inuwar nan kyasuwa take yin kyau, a nan kuma gamba take tsira a wuraren da aka cinye ta ƙaf.

Akwai wani abin da ido ba ya gani, wanda ni kaina ya ba ni mamaki da na fara karanta shi. Sabara da kalgo suna da saiwa iri biyu, wadda ta nutsa can ƙasa inda laima take ko da rani, da wadda ta bazu kusa da sama. Da rana itacen yana jan ruwa daga ƙasa ya fitar ta ganye. Da dare ganye ya rufe, amma doguwar saiwa ba ta daina ja ba, sai ruwan ya riƙa tsattsafowa ta ƙananan saiwoyin sama zuwa cikin busasshiyar ƙasa. Duk tsiron da ke maƙwabtaka ya samu rabonsa. Farfesa Richard Dick na jami'ar jihar Ohayo a Amurka, tare da masana na Senegal, sun kwashe shekaru suna bin wannan al'amari a gonakin gwaji kusa da birnin Ciyes. A wani binciken da Nathaniel Bogie ya jagoranta aka buga a 2018, sun ba doguwar saiwar sabara ruwan da aka yi wa alama, cikin ƴan kwanaki suka tarar da wannan ruwa a jikin geron da ke kusa da ita. A can sun riƙa barin sabara kimanin 1,500 a hekta ɗaya, suna sassabe ta da damina su bar ganyen a gona. A Senegal ɗin dai an gwada dasa mangwaro a cikin gindin kalgo, aka ga ƙasar wurin ta fi riƙe laima. Sabarar Senegal ita ce dai sabararmu, kalgonsu shi ne namu.

Kuma ba a Afirka kaɗai ba. A kudancin Sifen, ƙasa mai duwatsu da zafin rani, an daɗe ana share ƙananan itatuwa kafin a dasa manya, da tunanin kishiyoyi ne. Masu bincike na jami'ar Giranada suka dasa ƴan itatuwa fiye da 18,000 tsakanin 1997 da 2001, wasu a fili wasu a gindin ƙananan itatuwa. Na gindin suka fi rayuwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, amfanin ya fi fitowa a shekarun fari da kuma gangaren da rana ta fi duka. Wato inda wahala ta fi yawa, nan uwar goyo ta fi amfani.

Na ce uwar goyo, kuma da gangan na faɗa. A gidajenmu, wadda ta haifi yaro daban, wadda ta goya shi ta hana shi faɗawa wuta daban. A daji ma haka. Iri daga babban itace yake, mai shuka shi kuwa sau da yawa dabbarka ce. Ƙwayar gawo tana da tauri, in ta faɗi haka kawai takan daɗe ba ta tsiro ba. In saniya ko akuya ta ci ƴaƴan, ƙwayar ta bi ta cikinta, ɓawon ya yi laushi, ta fito tare da takinta. A ina dabbar take zuwa ta huta ta yi kashi? A inuwar kalgo. Duk wanda ke cewa makiyayi maƙiyin daji ne, ya zo ya ga wannan. Garkenmu na shuka, sabara na reno. Abin da ya lalace shi ne mun bar gatari ya shiga tsakani.

Yanzu ku tuna yadda ake yawan yin dashen itace a wurarenmu. Ranar 3 ga Agusta ta zo, ko wani furoje ya sauka. A zaɓi fili, a tara matasa, a share shi tas har ya yi kyan hoto, a ja igiya, a haƙa ramuka a layi, a kawo dashe cikin leda. A ƙirga dubu kaza, a rubuta. Na sha wucewa ta irin waɗannan filaye a bazara ta gaba a kan hanyar zuwa duba dabbobi, abin da ya rage ramuka ne da ledoji. Sai a ce awakin makiyaya ne suka cinye. Gaskiya ne sun ci. Amma wa ya tuɓe wa dashen riga ya tsayar da shi a gaban akuya mai jin yunwa? Ba na zargin niyyar kowa, masu aikin ma so suke itace ya rayu. Tsarin ne yake biyan kuɗi a kan ramin da aka haƙa, ba ya tambayar abin da ya rayu.

Mu a Nijar bai kamata a koya mana wannan darasi sau biyu ba. A 1983, a jihar Maradi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya duba ƴan kurmin da ke cikin gonaki da kyau, ya gane kututturan itatuwa ne masu rai da ke tohowa kowace shekara ana sare su. Daga nan sassaben zamani ya bazu: a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maradi da Damagaram. A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince cewa wanda ya reni itace a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Sai dai wannan nasara ta gona ce, inda akwai mai ita. Filin kiwo da burtali na kowa ne, abin da ke na kowa kuwa shi ne marar mai tsaro. Nan ne aikin ya rage, kuma nan ne namu.

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu ba na wasa ba ne. Wadda ta fi kusa da aikina ita ce ta ƙudan tsando da kaska. Dattawa suna cewa kurmi shi ke kawo sammore, kuma suna da tarihi a bayansu. A shekarun 1930 da 1940 Turawan Ingila sun sa an sassabe bakin rafuka a ƙasar Ancau ta lardin Zariya don korar tsando, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Amma tsandon yankinmu na bakin ruwa ne, yana bukatar duhuwa mai sanyi da laima a gaɓar kogi. Sabarar da ke tsaye a jigawa cikin rana ba gidansa ba ce. Wanda ya sare ta don tsoron sammore ya yi asarar inuwa, tsandon kuma yana nan a mashaya yana jiran sa. Kaska kuwa tana cikin ciyawa da makwancin dabbobi, da sabara da babu. Maganinta duba jikin dabba da wanka a kan lokaci, musamman farkon damina kafin kirci ya samu ƙofa.

Hujja ta biyu ita ce sabara tana cin wurin ciyawa. In ta yi yawa ta haɗe, haka ne, kuma dundu ya fi ta wannan hali, in aka sake masa sai ya toshe hanya. Ba cewa nake a bar daji ya rufe burtali har shanu su rasa wurin wucewa su faɗa gonar mutane ba, wannan neman rigima ne. A rage, a buɗe tsakiyar hanya, a bar na gefe. Kuma mu bambanta. Abin da ya cinye mana filayen kiwo a shekarun nan garmani ne, wanda dabbobi ba su damu da shi ba kuma ba ya renon kowa. In akwai ƙarfin matasa da kuɗin aiki, a kai su can su tuge shi kafin ya zubar da iri. Abin takaici ne a ga an wuce garmani an je ana tumɓuke kalgo, alhali ƴaƴan kalgon nan mata ke tarawa su daka su sayar mana da rani.

Su matan ma suna da magana a nan, kuma duk shawarar da aka yanke ba da su ba, a banza. Sabara da geza su ne itacen girkinsu. Da ganyen sabara ake yi wa mai jego ruwan wanka, da ɓawon kalgo ake ɗaure kaya. Ba mai hana su, kuma bai kamata a hana ba. Sabara in an sare ta tohowa take yi, abin da ke kashe ta shi ne tone kututture da ƙona gindi. Roƙona shi ne a sari rassa a bar uku ko huɗu, kuma gindin da aka ga ɗan itace a ciki a tsallake shi.

Inda na yarda da masu ja ɗari bisa ɗari shi ne wuta da kuma inuwa mai yawa. Ciyawar da ke taruwa a gindin sabara in ta bushe makamashi ce, gobarar daji in ta zo a nan take fin ci, ta gasa ɗan itacen da aka yi shekara biyu ana reno. Don haka bayan kaka a yanke wannan ciyawa a kai wa maruƙa, riba biyu ke nan. Sannan gawo ɗan rana ne. Yana son a ɓoye shi yana jariri, amma in ya kai shekara biyu ko uku sai a rage rassan da ke kansa ya samu haske, in ba haka ba ya tsumbure. Goyo ma akwai ranar saukewa.

Ba zan tsallake giginya ba, don ita ce arzikin ƙasarmu, daga Dallol Mauri har inda ya sadu da kogi wajen Dole. Ita ce kuma ta fi haɗa mu faɗa da manoma. Ɗan giginya yana kwashe shekaru da dama ganyensa na ƙasa kafin ya fid da gangar jiki, da rani kuwa shi ne kore ɗaya tilo a cikin gona, shanu ba sa wuce shi. In ana cinye ganyen kowace shekara, ba ya mutuwa da wuri amma ba ya tashi. Ƙwallon da ya kamata ya zama itace kuma an tara an binne don muruci. An yi shekaru ana aikin kula da giginyar Gaya tare da tallafin ƙasar Suwis, aka ba ƙauyuka hannu a cikin tsaronta, abin ya yi amfani. Shawarar da zan ƙara ita ce, manomin da zai binne ƙwallon giginya don ya zama itace, ya binne shi a jikin magarya ko cikin kalgon kan iyakar gona. Mu kuma da muke shiga gonaki bayan an kwashe amfani, mu gaya wa yaranmu gaskiya: kore shanu daga ɗan giginya ya fi sauƙi a kan zaman sulhu a gaban mai gari.

Mu ma akwai gyara a wajenmu. Yaro ya hau madobiya ko kawo ya sassare ta har ƙoƙuwa, bai bar reshe ɗaya da zai yi fure ba. Uwar goyo ba ta da abin goyawa in babu mai haihuwa. Madobiya ma yanzu ba mu kaɗai ke neman ta ba, masu katako sun yi mata ca a duk Afirka ta Yamma saboda kasuwar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya tun 2017. In za a yi sara, a bar kan itacen, a bar gefe guda, kuma itacen da aka sara bana a huta masa baɗi.

Abin da nake so ƙungiyoyinmu su yi ba ya bukatar furoje. Lokacin rigakafin shekara, da rugga da garso da kowane mai garke suna hallara a wurin allura, babu taron da ya kai wannan cika. A ɗauki rabin awa a zaɓi yanki ɗaya na burtali ko filin kiwo, ko da bai fi tafiyar minti goma ba. A bi shi gindi gindi. Duk inda aka samu ɗan gawo ko ƙirya ko tsamiya ko madobiya a ɓoye, a ɗaura jan tsumma a reshen uwar goyon, kowa ya san wannan ba a taɓa ta. In sabara ce marar ƙaya kuma wurin hanyar awaki ne, a cusa reshen magarya biyu a ciki. Gindin da babu kowa a cikinsa, a shuka. Da rani a sa yara su tara ƙwayar gawo daga turken awaki, wadda ta riga ta bi ta ciki, a ajiye. In ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, a binne ƙwaya uku ko huɗu ƙarƙashin rassan, ta gefen gabas inda inuwa ke faɗawa daga azahar zuwa la'asar. Iri da aka shuka a wurinsa yana tura saiwa kai tsaye ƙasa, ba kamar na leda ba da saiwarsa takan nannaɗe. In kuma an samu dashen leda kyauta, a karɓa da godiya, a dasa shi a nan ɗin dai.

Sannan a kai maganar gaban mai gari da hukumar kula da filaye ta ƙauye, a rubuta ta, manoman da ke maƙwabtaka da wurin su sa hannu, mata masu itace su ji. Dokar kiwo ta 2010 ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi, ta kuma hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai. Amma kun san yadda burtali ke ƙanƙancewa: bana a sassabe taki biyu, baɗi a shuka. Layin itatuwa masu alama a gefensa shaida ce da ba a tugewa cikin dare kamar turke. Baƙin makiyaya da ke shigowa ta Kamba ko daga arewa, garso ya sanar da su ma'anar jan tsumman tun ranar da suka sauka.

Ga masu kawo mana ayyuka kuwa, buƙatata biyu ce. Inda ƙasa ta zama faƙo babu ko sabara, a haƙa rabin wata, a fara da shuka sabara da kalgo da gamba a ciki, manyan itatuwa su biyo baya in an samu mai goya su. Inda kuwa sabara take tsaye, a bar gatari a mota. Kuma kuɗin aikin a raba shi biyu, rabi ranar shuka, rabi bayan bazara ta biyu, a zo tare da mu a ƙirga waɗanda ke da rai. Duk ƙungiyar da ke son in zo mu zaga burtalinta tare kafin damina, ta aiko mini ta hannun shugabanta, in haɗa da ranar da zan zo duba dabbobi.